Bakin Mai Saye Daban, Aljihunsa Daban



Sharhinmu na yau a kan kasuwanci ne, amma ba farashin masara ko canjin dala za mu taɓo ba. Za mu duba wani aiki ne da ya kamata a yi tun kafin a kama shago, tun kafin a buga suna a jikin kwali, wato yadda mai haja zai gano abin da ke ran mai saye. Masana harkar kasuwanci sun raba binciken kasuwa gida biyu. Akwai na ƙididdiga, inda ake raba takardar tambayoyi ga mutum ɗari biyar ko dubu, a tara amsoshi, a ce kashi kaza cikin ɗari sun ce kaza. Akwai kuma na sauraro da lura, inda ake zama da mutane ƙalilan, a yi doguwar hira da su, a bi su kasuwa, a shiga kicin ɗinsu a ga yadda suke amfani da kaya. Wannan na biyun da shi aka fi yin share fage, lokacin da mutum bai ma san tambayar da ya kamata ya yi ba tukuna.

Yawancinmu mun fi ganin girman na farko, domin yana zuwa da alƙaluma da jadawali, kuma manajan banki ya fi sakin fuska idan ya gan su. Sai dai takardar tambayoyi tana da iyaka guda: abin da ka tambaya kaɗai take amsa maka. Idan tambayar ta karkace, ko mutum miliyan ka tambaya, karkatacciyar amsa za ka tara.

Kamfanin Coca-Cola ya ɗanɗana wannan a 1985. Shekara da shekaru abokin hamayyarsa Pepsi yana cinye masa kasuwa a Amurka, yana tsayar da mutane a bainar jama'a ya ba su kofi biyu marasa suna, akasari kuma su zaɓi nasa domin ya fi zaƙi. Sai shugabannin Coca-Cola, ƙarƙashin Roberto Goizueta, suka haɗa sabon ɗanɗano. Ba su yi garaje ba. Sun ba mutum kusan 200,000 sun kurɓa, sakamako kuma ya nuna sabon ya fi tsohon farin jini, ya fi na Pepsi ma. Ranar 23 ga Afrilu, 1985 aka sanar da cewa an jingine haɗin da aka shekara 99 ana sha, an kawo sabo.

Sai ƙasa ta ɗauki zafi. Wayoyin kamfanin ba su huta ba, wasiƙun zagi suka yi ta kwarara, wasu suka kafa ƙungiyar neman a dawo da tsohon, wasu suka riƙa saye suna ɓoyewa a gida. Kwana 79 kacal aka yi, kamfanin ya ba da kai, ya dawo da tsohon lemon cikin watan Yuli.

To, ƙarya alƙaluman suka yi? A'a. An tambayi harshe, harshe kuma ya faɗi gaskiyarsa. Abin da ba a auna da kyau ba shi ne yadda mutum zai ji idan aka ce masa abin da ya taso yana sha, wanda kakansa ya sha, an ɗauke shi har abada. Abin takaicin ma shi ne an hango alamar hakan. A ƙananan zaman tattaunawa da kamfanin ya shirya kafin sanarwar, an samu wasu tsiraru da suka fusata da jin za a taɓa musu lemonsu, kuma fushinsu ya riƙa jan ra'ayin sauran da ke ɗakin. Aka ɗauki abin a matsayin hayaniyar mutum biyu uku, aka riƙe manyan alƙaluma. Da kaya suka fita kasuwa, abin da ya faru a ɗakin nan shi ya faru a ƙasa baki ɗaya: masu fushi suka ɗaga murya, sauran suka bi su. A kasuwa ba a yanke shawara a kaɗaice. Mutum yana jin abin da maƙwabcinsa ya ce, wannan kuwa takardar da kowa ya cike shi kaɗai ba za ta nuna maka shi ba.

Wani abin da zai burge mu ma'aikatan rediyo shi ne, wannan zaman tattaunawa na rukuni a ɗakin rediyo aka haife shi. A 1941, a birnin New York, wani masani mai suna Paul Lazarsfeld yana gwada shirye-shiryen rediyo a kan masu sauraro. Yakan tara mutane a ɗaki, a kunna musu shiri, kowa da maɓalli biyu a gabansa: idan abu ya yi maka daɗi ka danna kore, idan bai yi ba ka danna ja. Wani dare ya gayyaci abokin aikinsa na jami'ar Columbia, Robert Merton, ya zo ya gani. Merton ya lura cewa na'urar tana nuna inda aka danna, amma ba ta san dalili ba, kuma mai yi wa mutanen tambaya bayan shirin yana cusa musu amsa a baki. Da ya yi ƙorafi, sai Lazarsfeld ya ce to ga fili, ya gwada da rukuni na gaba. Daga nan Merton ya tsara yadda ake irin wannan hira, ya yi amfani da ita a kan sojojin Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don jin yadda finafinan horo ke shigarsu. Bayan yaƙi masu talla suka karɓe ta. Har yau tsarin bai canza sosai ba: mutum 6 zuwa 10, da mai jan ragamar hira, a yi awa ɗaya da rabi ko biyu ana magana a kan abu guda.

Yanzu mu dawo gida, domin a nan maganar ta fi nauyi. Mu mutane ne masu kara da kunya. Matashi ya haɗa sabon yaji ko turaren wuta ko man shafawa, ya kai wa gwaggonsa ya ce, “Gwaggo, ya kika gani?” Me kuke zaton za ta ce? “Kai, madalla ɗan nan, Allah ya sa albarka.” Ya kai wa abokai a majalisa, su ce ai wannan ko a Dubai sai haka. Ya tambaye su, “In na fara sayarwa za ku saya?” Kowa ya ce ƙwarai kuwa. Sai ya tattara jarinsa, wataƙila har da kuɗin gonar gado, ya zuba. Ranar da kaya suka fito, masu ƙwarai kuwa suna nan, amma hannu bai shiga aljihu ba. Ba yaudararsa suka yi ba. Tarbiyya ce ta hana su kushe abin da ɗan'uwa ya wahala a kai a gaban idonsa. Duk ɗan Kantin Kwari ya san cewa idan mai saye ya juya atamfa, ya yaba, ya ce “bari in zaga in dawo”, to yawanci an rabu ke nan.

Kada kuma mu ɗauka mu kaɗai ne. A 1950 wani malamin jami'a a Kalifoniya, Mason Haire, ya so ya san dalilin da ya sa matan Amurka ke gudun Nescafé, kofin da ake zuba wa ruwan zafi a sha nan take. Idan an tambaye su kai tsaye sai su ce ɗanɗanon ne bai yi musu ba. Haire bai gamsu ba. Sai ya rubuta takardar cefane guda biyu, komai iri ɗaya, ban da abu guda: a ɗaya an rubuta Nescafé, a ɗayar an rubuta garin kofi na gargajiya da sai an tsaya an dafa. Ya ba mata 50 ta farko, wasu 50 ta biyu, ya ce kowace ta kwatanta masa halin matar da ta rubuta wannan cefane. Kusan rabin waɗanda suka ga Nescafé suka ce wannan mata malalaciya ce. A ɗaya ɓangaren kuwa, waɗanda suka faɗi haka ba su wuce biyu ba. Ashe ba harshe ne ya ƙi kofin ba, gudun gori ne, kada a ce mace ba ta iya kula da gidanta ba.

Dabarar Haire ita ce bai ce “ke me ya sa” ba, sai ya ce “ita wace iri ce”. Mutum ya fi sakin baki idan maganar a kan wani ce. Mai sayar da garin ɗanwake ko garin kunu na leda a Kano ko Maraɗi zai iya aron wannan. Maimakon ya ce, “Hajiya, me ya sa ba kya saye?” sai ya ce, “Hajiya, idan uwar miji ta shigo ta tarar da amarya tana dama kunun leda, me kike jin za ta ce?” A amsar nan zai ji abin da takarda ba za ta taɓa kawo masa ba.

Amma ko hirar ma tana da inda ta tsaya, domin akwai abin da mutum ke yi kullum bai san yana yi ba, ballantana ya ba ka labari. Nan ne Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A tsakiyar shekarun 1990, kamfanin Haier na ƙasar Sin ya samu ƙorafi daga wani manomi a lardin Sichuan cewa injin wankinsa yana yawan toshewa. Da makaniki ya je, sai ya tarar dankali ake wankewa a ciki. Wani kamfanin da sai ya ce laifin mai kaya ne, ya manna gargaɗi a jikin injin. Su kuwa suka ƙera wani mai faffaɗan bututu da zai iya wanke tufafi da dankali duka.

Misalin da ya fi wannan girma a nahiyarmu ya faru. A ƙarshen 2005 kamfanin waya na Safaricom a Kenya, tare da Vodafone, suka fara gwajin wata hanya ta biyan kuɗi ta wayar salula a garin Thika da wasu unguwannin Nairobi. Manufarsu ƙarama ce: masu cin bashi daga wata cibiyar ba da rance mai suna Faulu su riƙa biya ta waya, ba sai sun yi tattaki ba. Mutum ɗari biyar ne ko kusa da haka aka fara da su. Da masu gwajin suka zuba ido a kan yadda kuɗin ke yawo, sai suka ga abin da ba su shirya ba. Wani yana biya wa wani bashi. 'Yan kasuwa suna zuba cinikin yini a waya da yamma don gudun ɓarayi, su cire da safe. Matafiyi yana zuba kuɗi kafin ya hau mota, ya cire idan ya sauka. Wasu suna aika wa 'yan'uwansu na ƙauye. Sai aka ajiye batun bashi gefe, aka fito da M-Pesa a watan Maris na 2007 a matsayin hanyar aika kuɗi gida. Da a ce tun farko takarda aka raba ana tambayar ko mutane na son biyan bashi ta waya, da an samu amsa, an rubuta rahoto, an wuce babbar kasuwar ba a gan ta ba.

Irin wannan ido ne ya kawo madarar Cowbell ta ƙaramar leda Najeriya a 1993. Kowa ya san talaka na son madara, gwangwanin ne ya fi ƙarfinsa, domin kuɗinsa kullum-kullum yake shigowa, ba wata-wata ba. Amma mu faɗi gaskiya, matan unguwa sun riga kamfanoni sanin wannan: tun yaushe ake ƙulla gishiri da daddawa da man gyaɗa na kwabo?

Wannan ya kawo mu ga wata baiwar Allah da ya kamata ɗaliban kasuwanci na ƙasar Hausa su san sunanta, wato Polly Hill, 'yar Ingila. Bayan ta yi nazarin manoman koko a Gana, ta zo ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967. Abin da ta rubuta a 1969 ya nuna cewa akwai wata babbar kasuwa a ƙasar Hausa da ba ta da rumfa ko ɗaya. Matan aure na cikin kulle suna sayar da hatsi, da man gyaɗa, da ƙuliƙuli, da dafaffen abinci, daga gida zuwa gida, yara ne 'yan aike da 'yan talla. Jami'in da ya tsaya a bakin kasuwar gari yana ƙirga buhuna ba zai ga ko ɗaya daga cikin wannan ciniki ba. Polly Hill ta daɗe tana sukar masana tattalin arziki masu aiko da takardar tambayoyi daga ofis ba tare da sun zauna da mutane ba.

Yau fiye da shekara hamsin ke nan, kasuwar nan tana nan, har ta hau WhatsApp. Amma har gobe za ka ga an turo samari da takardu su tsaya a zaure suna tambayar maigida wane sabulu ake wanki da shi a gidansa, wane sinadarin ɗanɗano ake sa wa miya. Maigida ya ba da kuɗin cefane, gaskiya ne, amma ba shi ya ce wa yaro “je ka shagon Malam ka ce mai jar leda” ba. Duk mai son sanin abin da ke faruwa a kicin ɗin Bahaushe, sai ya ɗauki mata aiki, masu jin harshen, waɗanda za su yi sallama su shiga har tsakar gida su zauna a tabarma.

To yaya ake yin hirar? Ka'ida ta farko, kada ka tambayi mutum abin da zai yi gobe, tambaye shi abin da ya yi jiya. “Za ka saya?” tambayar banza ce. Ka ce, “Baba, yaushe rabonka da sayen takin zamani? A wurin wa? Nawa ka biya? Hannu da hannu ko bashi? Da ka kai gona me ya faru?” Labarin abin da ya riga ya wuce yana da wuyar yi wa kwalliya. Ta biyu, kada ka nuna cewa kayan naka ne, in ba haka ba kara za ta shiga tsakani. Ta uku, wadda ta fi wuya, ka iya yin shiru. Idan mutum ya dakata, kada ka yi saurin cike masa gurbi, sau da yawa maganar kirki bayan shirun take fitowa.

Zaman rukuni kuma yana da nasa tarkon a wurinmu. Ka tara dattijo da samari a ɗaki ɗaya, dattijo ya yi magana, wa zai musa masa? Ka haɗa uwar miji da suruka, ka ji ko surukar za ta ce uffan. Idan mai unguwa ne ya zaɓo maka mutane, to 'yan gaban goshinsa za ka samu. Dole a raba: mata daban, maza daban, sa'o'i da sa'o'i. Sannan akwai abin da duk wanda ya taɓa shiga ƙauye da biro da takarda ya sani. Da an gan ka, wasu za su ɗauka rubuta sunayen masu samun tallafi ka zo yi, sai kowa ya zama ba shi da ko akuya. Wasu kuma za su ɗauka ɗan haraji ne kai, sai mai shago ya ce rabonsa da ciniki tun Sallah. Maganin wannan shi ne ka faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka tun daga sallama, ka bayyana cewa babu rabon komai, ka nemi izini kafin ka ɗauki murya ko hoto. Abin da aka faɗa maka a cikin gida kuma amana ne.

Mutum nawa za a tambaya? Masu wannan aiki suna cewa ka ci gaba har sai ka daina jin sabon abu. Wasu masu bincike, Greg Guest da abokan aikinsa, sun gwada wannan a wani nazarin kiwon lafiya da aka wallafa a 2006. Sun yi hira mai zurfi da mata 60 a Gana da Najeriya, sai suka tarar cewa kusan duk muhimman batutuwan sun riga sun fito a hira 12 na farko. Sharaɗin shi ne mutanen su kasance iri ɗaya, tambayar kuma takamaimiya. Idan kana son jin ta bakin masu shayi da matan aure da ɗaliban jami'a, to kowane rukuni da nasa lissafin.

Sai dai a nan zan ja kunnen masu zumuɗi. Hira da mutum goma sha biyu tana gaya maka irin dalilan da ke akwai, ba ta gaya maka yawan masu kowane dalili. Idan mata takwas cikin goma a zamanka suka yaba turarenka, ba ka da hurumin zuwa banki ka ce kashi 80 cikin 100 na matan Zariya za su saya. Merton da kansa, a 1987, ya koka da yadda 'yan kasuwa suka mayar da sakamakon ƙaramin zama tamkar hukuncin ƙarshe, alhali shi a wurinsa mafarin bincike ne, abin da za a je a gwada a kan jama'a masu yawa. Ni a ganina, wanda ya dogara da hira kaɗai da wanda ya dogara da alƙaluma kaɗai duk suna cikin haɗari, amma a ƙasarmu ciwon na biyun ya fi yawa, musamman a makarantu. Ɗalibin kasuwanci zai gama digiri bai taɓa zama awa guda da mai tireda ba, amma ya raba takardu ɗari biyu masu “na yarda” da “ban yarda ba”, waɗanda Allah kaɗai ya san a gindin bishiyar da aka cike rabinsu. Malamanmu na jami'o'i da kwalejoji, don Allah a riƙa tura yaran nan Dawanau da Singa da kasuwar ƙauye, su dawo da labarin da suka ji da kunnensu.

Kai kuma mai shirin zuba jari, ko ke mai shirin fara sana'a a ɗaki, wannan aiki ba ya bukatar ƙwararre daga Legas. Littafin rubutu da biro sun isa. Ka ware mako biyu. Ka nemi mutum goma zuwa goma sha biyar waɗanda ba danginka ba, ba abokanka ba, masu sayen irin abin da kake son sayarwa, ka ji yadda suka yi sayensu na ƙarshe. Ka zauna a benci kusa da mai sayar da irinsa tun safe har azahar, ka ga wa ke zuwa, me yake tambaya, a kan me ciniki ke watsewa. Sannan ka yi kaɗan, ka sa masa farashi, ka kai inda ba a san ka ba, ka ga ko za a dawo neman na biyu. Idan an dawo, sai ka je ka kama shagon.